Sauya Furosesa, Ƙara SSD da RAM, ko Sayen Wata Laftof: Wanne Ya Dace da Kai?

Idan laftof ta fara nauyi, ta koma sai an kunna ta an je an yi alwala an dawo kafin ta gama buɗewa, abin da yakan fara zuwa zuciyar mai ita shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke sarrafa aiki. Dalilin a fili yake, domin sunansa ne aka manna a jikin kwamfutar kusa da madannai, kuma da shi ake ciniki a kasuwa: wannan i3 ce, waccan i5, ta can kuwa i7. Shi ya sa mutum zai ɗauki jakarsa daga Kubwa ko Nyanya ya nufi Banex Plaza a Wuse 2 da magana ɗaya a bakinsa, wato a cire masa i3 a sa masa i7. Wani lokaci hakan yana yiwuwa, sau da yawa ba ya yiwuwa, kuma ko a inda ya yiwu ba lallai ne a nan gizo ke saƙar ba.

Hanyoyi biyar ne a gaban mai irin wannan matsala: ya sauya furosesa, ya ƙara SSD (faifan ajiya mai sauri) da RAM (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin), ya sa a share ƙura a sabunta man sanyaya, ya sa a taɓa babban allon kwamfutar da masu gyara ke kira madabod, ko kuma ya sayar da ita ya cika kuɗi ya ɗauki wata ta hannu.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma tunda farashin kayan kwamfuta a kasuwannin Abuja yana tashi yana sauka tare da dala, abin da zai amfane ka shi ne sanin wanne ya fi wanne tsada. Na biyu shi ne irin saurin da za ka gani da idonka a aikin da kake yi kullum, domin akwai bambanci tsakanin saurin da manhajar gwaji ke nunawa da wanda mai buga takarda a ofis yake ji a hannunsa. Na uku shi ne tsawon rai, wato shekara nawa gyaran zai ƙara wa kwamfutar. Na huɗu sauƙin aikin, na biyar kuma haɗarin da ke cikinsa.

Ma'auni na uku yana da wani ɓangare da ba a cika ambata ba a wurin ciniki. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesan Intel daga zubi (generation) na 8 zuwa sama, ko kuma, a laftof, Ryzen na AMD daga jerin 3000, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne zai yanke hukunci a kan zaɓi na farko.

Kafin ka kashe ko sisi, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga shafin Performance a daidai lokacin da kwamfutar take wahalar da kai. Za ka ga layuka uku da suka shafe mu: na furosesa, na RAM da na faifan ajiya. Wanda ya tsaya a kashi 100 ko kusa da haka shi ne mai laifi. A tsofaffin laftof masu faifan HDD, wato tsohon faifan ajiya mai juyawa, abin da aka fi gani shi ne faifan ya maƙale a kashi 100 alhali furosesan yana zaune a kashi 20 ko 30 yana jiran a miƙo masa aiki.

Sauya furosesa

Tambayar farko ita ce ko furosesan naka yana cirewa. Hanya biyu ake ɗora shi a kan madabod. Akwai mai soket, wanda ake kira PGA, yana da ɗaruruwan siraran ƙafafu da ke shiga ramuka, kuma ana sakin sa ne da juya sukuru ɗaya rabin zagaye. Akwai kuma wanda aka liƙe da ƙananan ƙwallayen dalma, BGA ke nan, wanda ba a yi shi don a cire ba. A ɓangaren Intel, soket G1 ya ɗauki zubin farko na Core i, soket G2 ya ɗauki zubi na 2 da ya fito a 2011 da na 3 da ya fito a 2012, sai soket G3 ya ɗauki zubi na 4 a 2013. Daga nan aka rufe ƙofa, domin tun daga zubi na 5 duk furosesan laftof na Intel a liƙe yake zuwa. Haka ma Ryzen na laftof, haka ma MacBook na Apple.

Kana iya gane naka daga sunansa. Daga zubi na 2 zuwa na 9, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi, saboda haka i5-3320M na zubi na 3 ne, i5-8250U kuma na zubi na 8. Harafin ƙarshe yana ba da labarin soket: masu U da Y da H da HQ a liƙe suke, masu M da QM da MQ kuwa galibi suna da soket. Na ce galibi ne saboda akwai tarko a nan. ThinkPad T430 da ThinkPad X230 duka suna zuwa da i5-3320M, amma na T430 yana kan soket, na X230 kuma an liƙe shi saboda ƙanƙantar jikinta. Haka T440p tana da soket, 'yan'uwanta T440 da T440s ba su da shi. Cikin waɗanda suka cika kasuwarmu, Dell Latitude E6430 da E6440, da HP EliteBook 8470p da ProBook 650 G1 suna da soket, amma EliteBook 840, wadda ma'aikata da ɗalibai suke so saboda rashin nauyinta, ba ta taɓa samun sa ba tun daga G1. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta nuna maka rPGA ko BGA a shafinta na farko ba tare da ka kwance ko sukuru ɗaya ba.

Samun soket bai gama magana ba, saura sharuɗɗa uku. Na farko shi ne cifset, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassan madabod, da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, su san sabon furosesan. Zubi na 2 da na 3 suna shiga rami ɗaya, amma idan ka ɗauki na zubi na 3 ka sa a ThinkPad T420 da BIOS ɗin da ta zo da shi, ba za ta tashi ba. Mafi ban haushi shi ne cifset HM70, wanda aka sa a laftof masu araha da suka zo da Celeron ko Pentium: za a sa masa i5, kwamfuta ta tashi lafiya, mai gyara ya karɓi kuɗinsa, kai kuma ka kama hanyar gida da murna, amma duk bayan minti 30 sai ta mutu da kanta. An gina cifset ɗin ne a kan haka, kuma gwajin minti biyar a kan teburin shago ba zai tona wannan ba.

Sharaɗi na biyu shi ne zafi. Kowane furosesa yana da adadin zafin da aka ƙiyasta zai fitar, ana auna shi da wat, kuma fanka da bututun tagullar da ke cikin laftof an yi su ne daidai da wannan adadi. i5-3320M wat 35 ne, i7-3720QM kuma wat 45. Wat goma ba ta da yawa a takarda, amma a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a Abuja cikin Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35 kuma wuta ta ɗauke, wannan ƙarin ya isa ya kai furosesan kusa da digiri 100, inda zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Sai ka ga an biya kuɗin doki ana tafiyar jaki. Wanda ke zaune a Jos yana da ɗan sassauci a nan, amma shi ma ba a ba shi lasisi ba. Maganin abin shi ne a nemi masu cibiya huɗu (cibiya ita ce core, sashen furosesa da ke iya yin aiki da kansa) da aka yi don ƙaramin zafi, irin su i7-3612QM da i7-3632QM masu wat 35 a soket G2, ko i7-4702MQ da i7-4712MQ masu wat 37 a soket G3, sai dai su ne suka fi wuyar samu kuma suka fi tsada, saboda kowa su yake nema. Sharaɗi na uku shi ne caja, domin mai wat 65 tana iya gazawa a nemi mai wat 90.

To, wane sauri za a samu? A nan ne sunan i7 ke yaudarar mutane. i7-3520M da i7-4600M cibiya biyu gare su, daidai da i5 na zubinsu, kuma tashi daga i5-3320M mai gudun 2.6 GHz zuwa i7-3520M mai 2.9 GHz ba abu ne da za ka lura da shi ba sai dai a sitikar da ke jikin kwamfutar. Ribar gaske tana wurin tashi daga cibiya biyu zuwa huɗu, wato masu QM ko MQ, kuma ko ita sai a aikin da ke iya raba kansa ga dukkan cibiyoyin, kamar fitar da bidiyo bayan an tace shi, ko haɗa manhaja, ko kunna wata kwamfutar a cikin kwamfuta. A irin wannan aiki lokacin jira yana iya raguwa sosai. A buɗe Word da duba imel kuwa, i7-3632QM, wanda iyakar gudunsa 3.2 GHz ne, bai fi i5-3320M mai kaiwa 3.3 GHz ba.

Ta fuskar kuɗi, furosesa mai cibiya biyu na waɗannan zubi yana da araha, mai cibiya huɗu kuma yakan ci kaso mai tsoka na darajar laftof ɗin kanta. Dukkansu na hannu ne, tunda an daɗe da daina ƙera su, kuma a kula da waɗanda aka rubuta wa Intel Confidential a jiki, domin samfurin gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba. Furosesa ba ya saurin lalacewa, saboda haka ƙarkonsa ba abin damuwa ba ne. Abin damuwar shi ne babu ko ɗaya cikin masu soket da ya kai zubi na 8, wato duk abin da ka kashe, kwamfutar tana nan a wajen jerin Windows 11. Ana iya tilasta mata ta wasu dabaru, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba. Aikin kansa matsakaici ne a wahala: a cire batir, a kwance fanka da tagulla, a saki soket, a daidaita alamar kusurwa mai ruwan zinariya, a shafa sabon mai. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, an shiga uku.

SSD da RAM

Wannan shi ne zaɓin da ya fi kowanne biyan kuɗinsa. Faifan HDD na laftof yawanci yana juyi 5400 a minti, yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne a jere, kuma yana raguwa ƙwarai idan ƙananan fayiloli ne a warwatse, wanda shi ne ainihin aikin da Windows ke ba shi a kowane lokaci. SSD mai mahaɗin SATA yana kai kimanin megabait 550, amma babban bambancin shi ne ba shi da allurar da za ta je neman wuri, don haka ƙananan fayiloli ba sa tsayar da shi. Kwamfutar da ke cin minti biyu ko uku kafin ta buɗe tana komawa 'yan daƙiƙoƙi. Sannan ba shi da abin da ke motsi a ciki, wanda ya sa ya fi jure girgizar motar haya ga mai ɗaukar laftof a jaka kullum daga Mararaba zuwa sakatariya.

Kusan kowace laftof mai faifan inci 2.5 tana karɓar SSD a gurbinsa kai tsaye. Sababbin laftof suna da ramin M.2 na siririn SSD, amma a bincika ko na SATA ne ko na NVMe kafin a saya, domin siffarsu ta yi kama. Mai tsohuwar kwamfuta da ke da wurin faifan DVD yana iya cire shi ya sa ɗan akwatin da ke riƙe tsohon HDD, ya zama rumbun ajiya, Windows kuma ta koma kan SSD. Haɗarin da ke nan biyu ne: jabun kaya, da asarar fayiloli wajen ƙaura. Na farko ana rage shi da sayen sanannen suna a shagon da zai ba da rasit da garanti a rubuce, sannan a duba lafiyar faifan da awannin da ya yi aiki ta manhajar CrystalDiskInfo tun ana gaban mai shago. Na biyu kuma a kwafe komai zuwa wani wuri kafin a fara.

RAM ba ya ƙara gudu da kansa, yana hana cunkoso ne. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau ga mai buɗe shafuka goma a Chrome tare da Excel da Zoom, 8 shi ne mafi ƙarancin abin da za a zauna lafiya da shi, 16 kuma ya wadatar da yawancin mutane, kuma shi ne iyakar da laftof masu rami biyu na zubi na 2 zuwa na 4 suke ɗauka. A lura da nau'i: DDR3 na volt 1.5 ne, DDR3L na volt 1.35, kuma laftof na zubi na 4 DDR3L suke so. DDR4 ba ya shiga ramin DDR3 ko kaɗan. Wasu siraran laftof an liƙe musu RAM kamar yadda aka liƙe furosesa, su kam sai haƙuri.

Wata riba da ba a cika lissafawa ba ita ce SSD yana bin ka. Ranar da ka rabu da kwamfutar, kana iya cire shi ka sa a wata, ko ka saya masa akwati ya zama faifan waje. Furosesan soket G2 kuwa ba shi da inda zai je sai wata tsohuwar.

Share ƙura da sabunta man sanyaya

Duk laftof da ta ga hunturu uku ko huɗu ba a buɗe ta ba, akwai tabarmar ƙura tsakanin fankarta da ƙofar iska, kuma man da ke tsakanin furosesa da tagulla ya bushe ya zama kamar alli. Alamunta su ne fanka mai ihu ba hutawa, gindi mai zafi, da kwamfutar da ke farawa da sauri ta yi sanyin jiki bayan minti goma sha biyar. Manhajar HWiNFO za ta nuna maka zafin. Wannan shi ne mafi araha cikin duka, ba ya ƙara wa kwamfuta ƙarfin da ba ta da shi, yana dawo mata ne da wanda zafi ya ƙwace, kuma ya kamata a maimaita shi duk shekara ɗaya ko biyu.

Taɓa madabod

Za ka iya samun mai gyaran da zai ce yana da injin da ke narkar da dalma ya ɗaga furosesan BGA ya dasa wani. Gaskiya ne ana yi, amma aiki ne da ke neman injin kirki da hannu mai gogewa, zafin yana iya lanƙwasa allon ko ya kashe abin da ke maƙwabtaka, kuma gyaran da ya yi kyau yau yana iya sakin ƙwallo ɗaya bayan wata uku. A ganina, yin wannan ga kwamfuta mai lafiya don neman ƙarin sauri gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wanda ya fi shi hankali shi ne sauya madabod ɗin gaba ɗaya da na irin samfurin mai furosesa mafi ƙarfi, sai dai kuɗinsa yakan kusanci na wata laftof ɗin, don haka ba ya da ma'ana sai idan allon naka ya riga ya mutu. Kamfanin Framework na Amurka, wanda ya fara sayar da laftof a 2021, ya gina kasuwancinsa a kan wannan dabara ta sauya allo, amma kayansa ba su ne ke kan kantocin Wuse ba.

Sayen wata ta hannu

A zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, Intel ta mayar da i5 na siraran laftof mai cibiya huɗu a kan wat 15 kacal. Ma'ana, i5-8250U ko i5-8350U yana ba ka cibiyoyi huɗun da kake wahalar nema a tsohon soket, da kashi ɗaya cikin uku na zafin i7 mai wat 45, da batir mai daɗewa, da DDR4, da Windows 11 ba tare da dabara ba. ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 duk na wannan zamani ne, kuma suna da ramukan RAM biyu. Amma a nan ma akwai tarko, domin dukkan samfuran uku an fitar da wasunsu da furosesan zubi na 7 mai cibiya biyu, irin i5-7300U, a cikin jiki iri ɗaya. Kada ka yarda da sitika ko da bakin mai shago, ka buɗe Task Manager ka karanta lambar da kanka.

Sayen wata ta hannu shi ne zaɓi mafi tsada, ko da an cire abin da za ka samu daga sayar da tsohuwar. Haɗarinsa na kayan tokumbo ne: batir da ya gaji, BIOS mai kalmar sirri da ba wanda ya sani, ko kwamfutar da har yanzu take ɗaure da rajistar kamfanin da ya yi amfani da ita a Turai. Umarnin powercfg /batteryreport yana nuna ƙarfin da batir ya zo da shi da wanda ya rage masa. Ka shiga BIOS a gaban mai shago, ka haɗa ta da intanet, ka gwada kowane madanni da kowace kafar USB, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maɗaurinsa ya saki.

| Zaɓi | Kuɗi | Saurin da za a ji | Tsawon rai | Sauƙin aiki | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sauya furosesa mai soket | Matsakaici | Babba a aiki mai nauyi, kaɗan a aikin ofis | Gajere, babu Windows 11 a hukumance | Matsakaici | Zafi, rashin jituwa da BIOS |
| SSD da RAM | Kaɗan zuwa matsakaici | Babba a aikin yau da kullum | SSD yana bin ka zuwa wata kwamfutar | Mai sauƙi | Jabu, asarar fayiloli |
| Share ƙura da sabon mai | Mafi araha | Sai idan zafi ne matsalar | Shekara 1 zuwa 2 | Mai sauƙi zuwa matsakaici | Kaɗan |
| Dasa BGA ko sauya madabod | Mai yawa | Ya danganta da samfuri | Babu tabbas | Mai wuya | Mafi girma |
| Ta hannu, zubi na 8 zuwa sama | Mafi tsada | Babba ta kowace fuska | Mafi tsawo | Babu aikin hannu | Batir, kulle, zubi na 7 a ɓoye |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibi ko ma'aikacin da aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da taron bidiyo ba, kuma kwamfutarsa tana kan HDD da RAM gigabait 4, ya sa SSD ya kai RAM zuwa 8, ya sa a share ƙurar a zama ɗaya tunda an riga an buɗe ta, ya bar furosesan inda yake. Wanda ya riga ya sa SSD amma kwamfutar tana zafi tana raguwa bayan ɗan lokaci, ya fara da shara da sabon mai kafin ya yi tunanin sayen komai.

Sauya furosesa ya dace da mutum ɗaya ne: mai laftof irin T430 ko T440p ko E6440 mai lafiyar jiki, wanda ya riga ya sa SSD da RAM 16, ya ga da idonsa furosesan yana tsayawa a kashi 100, ya samu mai cibiya huɗu na wat 35 ko 37 a farashin da bai kai rabin kuɗin cikon wata kwamfutar ba, kuma ya shirya barin Windows ya koma manhajar Linux Mint ko makamancinta, ko aikinsa ba ya buƙatar intanet. Shi ma ya yi sharaɗi da mai gyara cewa za a bar ta tana aiki mai nauyi na aƙalla awa ɗaya a shagon, ana kallon zafinta, kafin kuɗi su fita daga aljihu, kuma ya karɓi tsohon furosesansa ya tafi da shi.

Mai tace bidiyon biki, da mai zanen gini, da mai rubuta manhaja, da duk wanda ke shiga asusun banki ko bayanan ofis da kwamfutarsa kuma yake buƙatar Windows mai samun sabuntawar tsaro, su tara kuɗin su nemi zubi na 8 ko sama da haka. Mai laftof da furosesanta ke ƙarewa da U kuwa, idan SSD da RAM ba su ishe shi ba, ya kwafe fayilolinsa, ya cire SSD ɗinsa, ya kai ta a yi mata kuɗi.